Tsoro Iri Biyu: Amsoshin Wasiƙunku Kan Tsoro Da Ƙarfin Ruhu A Littafi Mai Tsarki

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk kan abu ɗaya suka tsaya, wato tsoro. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun gajarta su, mun kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

Tambaya: Malamai, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, amma 1 Yahaya 4:18 ta ce cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro. To in ji tsoro ne ko kada in ji?

Amsa: Ɗan'uwa, buɗe Fitowa 20:20, za ka tarar da tambayarka da amsarta a cikin aya guda. Jama'a suna gindin Dutsen Sinai, ga tsawa, ga walƙiya, ga hayaƙi, jikinsu na rawa. Sai Musa ya ce musu kada su ji tsoro, gama Allah ya zo ne ya gwada su domin tsoronsa ya zauna a gabansu, kada su yi zunubi. Ka ji: kada ku ji tsoro, domin ku ji tsoro. A Ibrananci kalmomin biyu daga tushe ɗaya suka fito, tushen da ya ba da kalmar "yira". Musa bai yi tufka da warwara ba, abu biyu ne yake rarrabewa. Akwai tsoron da ke sa mutum ya ja da baya, akwai kuma wanda ke sa shi ya matso cikin ladabi. Aya ta gaba ta nuna su a fili: jama'a suka tsaya daga nesa, Musa kuwa ya matsa kusa da baƙin duhun da Allah yake ciki.

Tsoro na farko da aka ambata a Littafi Mai Tsarki shi ne na Adamu a Farawa 3:10, inda ya ce ya ji motsin Allah a gonar, ya ji tsoro, ya ɓuya. Alamar irin wannan tsoro ke nan har gobe: ɓuya. Mai shi yana ɓoye laifinsa, yana kauce wa addu'a, yana ganin Allah kamar mai neman a yi kuskure ya kama. Wannan ne Yahaya ya ce ƙauna na kora, kuma shi da kansa ya faɗi dalili a ayar, cewa irin wannan tsoro yana tattare da hukunci.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya yi wa'azi a kan wannan wasiƙa ta Yahaya, ya kuma ci karo da irin tambayarka, domin Zabura 19:9 ta ce tsoron Ubangiji tsattsarka ne, mai dawwama har abada. Ya warware ta da misalin mata biyu. Ɗaya ta ci amanar mijinta, tana tsoron kada ya dawo. Ɗaya kuwa tana ƙaunarsa, tana tsoron kada ya tafi. Dukansu tsoro suke ji, amma ba hanya ɗaya suka kama ba. Ya ƙara da misalin ɗinki: abin da ke huda fata ko tufa shi ne ke fara shiga, amma sai ya fita zare yake samun wuri. Tsoron hukunci yakan buɗe hanya, ƙauna ce zaren da ke zama.

Harshenmu ma ya san wannan bambanci. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Abin da Karin Magana ke kira tsoron Ubangiji ya fi kusa da wannan kunya ta gida, kunyar ɗa a gaban mahaifin da yake ƙauna, haɗe da kwarjinin da ke sa mutum ya rage murya. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne. In tsoro ya taso maka game da Allah, duba ƙafarka: nesa take kai ka ko kusa? In ya kai ka ga tuba da addu'a, riƙe shi. In ya kai ka ga ɓuya da yanke ƙauna, ba shi ne mafarin hikima ba, ko da ya zo sanye da ayoyi.

Tambaya: Ina jin ana maganar karanta Littafi Mai Tsarki ta fuskar baɗini, wai labaran suna magana ne kan abin da ke cikin zuciyar mutum. Wannan ba ƙara wa nassi abin da bai faɗa ba ne? In halal ne, yaya ake yi?

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya, domin an sha ɓata wannan karatu. Amma hanyar tsohuwa ce. Bulus da kansa, a 1 Korantiyawa 10, ya ɗauki ƙetare teku da dutsen da ya ba da ruwa a jeji ya ce an rubuta su domin gargaɗinmu. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna tare da masu zuhudu a hamadar Masar a ƙarshen ƙarni na 4, ya rubuta cewa kalma ɗaya kamar Urushalima tana iya ɗaukar ma'ana huɗu: birnin Yahudawa na tarihi, ikkilisiya, birnin Allah na sama, da kuma ran mutum. Sharaɗin shi ne ma'anar zahiri ita ce harsashi. Duk ma'anar ciki da ta rushe ta zahiri, ko ta saɓa wa koyarwar da ke a fili a wasu wurare, ƙirƙira ce.

Bari mu gwada da Markus 4:35-41. A zahiri: da yamma, Yesu da almajiransa suna ƙetare Tekun Galili, hadiri ya taso, ruwa na cika jirgi, shi kuwa yana barci a ƙarshen jirgin bisa matashi. Suka tashe shi suna cewa bai damu ba za su hallaka. Ya tsawata wa iska, teku ya yi tsit. A nan ne abin lura yake. Ya tambaye su don me suka firgita haka, kalmar Helenancin kuwa ita ce "deiloi", wato matsorata, 'yar'uwar kalmar da ke 2 Timoti 1:7 inda aka ce Allah bai ba mu ruhun tsoro ba. Sai aya ta 41 ta ce, bayan iska ta kwanta, suka ji tsoro mai girma, da wata kalmar dabam, "fobos". Haɗarin ya wuce, tsoro kuwa ya ƙaru. Na farko tsoron ruwa ne, na biyu tsoron wanda ruwa ya yi wa biyayya. Babban ya haɗiye ƙaramin.

Yanzu sai ki shiga ciki. Agustin ya karanta jirgin a matsayin zuciya, hadirin kuwa abin da ke kaɗa ta, ya ce in Almasihu yana barci a cikinki, ma'anarsa kin manta da shi, sai ki tashe shi ta wurin tunawa. Bai musanta cewa an yi hadiri na gaske a teku na gaske ba, ya dai nuna miki inda labarin ke faruwa a daren jiya da kika kasa barci.

Ga yadda za ki bi, bisa tsarin da wani mai zuhudu a Faransa mai suna Gigo ya rubuta a ƙarni na 12, wanda ya kwatanta da cin abinci. Da farko karatu, wato sa loma a baki: ɗauki aya biyar zuwa goma, kada su wuce haka, ki karanta sau uku a hankali, sau ɗaya da murya. Sai bimbini, wato tauna: tsaya kan kalma ko jimla ɗaya da ta taɓa ki, ki tambayi kanki wane ne ke a cikin labarin, mene ne hadirinki da sunansa. Sai addu'a, ki faɗa wa Allah abin da kika gano ba tare da ƙawata magana ba, ko da irin maganar almajiran ce ta "ba ka damu ba?" Na ƙarshe natsuwa, ki yi shiru kamar minti biyar, ba ki neman komai. Duka bai wuce minti ashirin ba.

Inda ake ɓata abin wuri uku ne. Wasu suna tsallake zahiri, kowace kalma sai sun mai da ita alama, har matashin da ke cikin jirgin ya zama wani sirri. Wasu suna buɗe littafin ido rufe su ɗora yatsa, su ɗauki abin da ya faɗo a matsayin saƙo, wannan kuwa duba ne aka sa masa rigar ibada. Na ukun shi ya fi haɗari: mutum ya mai da kowane maƙiyi da ke cikin Zabura wani ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa. Magabata sun karanta maƙiyan nan a matsayin tunane-tunanen da ke yaƙar zuciya. Karatun da ya bar ki da ƙarin zargin mutane ya kauce hanya.

Tambaya: Gaskiya ne an rubuta "kada ka ji tsoro" sau 365 a Littafi Mai Tsarki, ɗaya don kowace rana?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Maganar tana da daɗin ji, amma in aka ƙirga ainihin wannan umarni bai kai haka ba, kuma adadin yana canzawa daga fassara zuwa fassara. Ba kowane ne ma ya fito daga bakin Allah ba. A Mahukunta 4:18 Yayel ta ce wa Sisera kada ya ji tsoro, ta shigar da shi alfarwa, ta kashe shi yana barci. A 2 Sama'ila 13:28 Absalom ya ce wa barorinsa kada su ji tsoro su kashe Amnon. Saboda haka duba mai maganar, ka kuma duba abin da ya biyo baya. In Allah ne ya faɗa, yawanci dalili na biye, kamar a Ishaya 41:10, inda dalilin shi ne "ina tare da kai". Ƙarfin umarnin yana cikin wannan dalili.

Tambaya: Ni magidanci ne. Da rana lafiya nake, amma da tsakar dare sai in farka gabana na faɗuwa, tunanin mutuwa da talauci da makomar 'ya'yana su rufe ni. Na yi addu'a, na yi azumi, abin bai tafi ba. Ku ba ni abin da zan yi a aikace.

Amsa: Maigida, fara da 1 Sarakuna 19, ka lura da jerin yadda Allah ya bi da Iliya. Annabin ya tsere wa barazanar Yezebel har Biyer-sheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da ya zo bai yi masa wa'azi ba. Ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa ga tulun ruwa. Ya ci, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka yi maganar ruhu, can ma Ubangiji ba ya cikin iska mai farfasa duwatsu, ba ya cikin girgizar ƙasa, ba ya cikin wuta. Bayansu ne aka ji wata siririyar murya kamar shiru, Iliya ya rufe fuska da alkyabbarsa. Jiki aka fara yi wa magani. Don haka muna ba ka shawara ka dakatar da azumi tukuna. Yunwa da ƙarancin barci suna ƙara bugun zuciya, mai fama da firgita kuwa sai ya ɗauki bugun a matsayin shaida cewa wani abu na shirin faruwa. Rage shan abin da ke hana barci daga azahar zuwa dare, ka ajiye waya kamar awa guda kafin kwanciya.

Sai aikin rana, domin ba a koyon iyo a tsakiyar ambaliya. Ebagiriyus, wani mai zuhudu da ya rasu a hamadar Masar a shekarar 399, ya lura cewa tunanin da ke damun mutum yana rage ƙarfi in an kira shi da sunansa an kuma mayar masa da amsa daga nassi, kamar yadda Yesu ya yi a jeji. Ya tattara ayoyi kusan 500 don wannan aiki. Har ya bayyana irin naka: tunanin da ke zana wa mutum doguwar tsufa, hannu ya kasa aiki, ga yunwa, ga ciwo, ga kunyar roƙo. Ebagiriyus ya sa wannan tunani ƙarƙashin son tara dukiya, ma'ana a ƙarƙashin tsoron akwai zaton cewa kai kaɗai ne ke riƙe da gidan. Ɗauki takarda da rana tsaka, ka rubuta tsoronka uku mafi girma, kowanne cikin jimla ɗaya takamaimai. "Ina tsoron gaba" bai isa ba, rubuta "ina tsoron in mutu kafin ƙaramin ɗana ya girma". A gefen kowanne rubuta abu biyu: mataki ɗaya da ke hannunka a wannan mako, da aya ɗaya da za ka amsa masa da ita. Abin da ke hannunka ka yi shi. Addu'a ba ta maye gurbin zuwa asibiti ko tsara abin da za ka bar wa iyali.

Sannan zaɓi gajeriyar addu'a guda, wadda ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kasiyan ya ce dattawan hamada sun ba shi Zabura 70:1, roƙon Allah ya cece shi, Ubangiji ya gaggauta taimakonsa, suka ce ta dace da kowane hali. Zabura 56:3 ma ta yi: sa'ad da na ji tsoro, zan dogara gare ka. Lura, mai zaburar bai ce ba ya jin tsoro ba. Zauna da ita minti goma da safe, minti goma da yamma. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu da rabin farko na ayar, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida da rabi na biyu. Fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, haka aka gina jikin. Hankalinka zai gudu, wataƙila sau ashirin cikin minti goma. Dawo da shi ba tare da faɗa da kanka ba, dawowar ita ce aikin. Riƙe aya ɗaya aƙalla kwana arba'in, kada ka yi ta sauyawa.

In dare ya yi ka farka, kada ka yi gardama da tunanin, domin a wannan sa'a shi ke cin nasara. Tashi zaune, sa ƙafa a ƙasa, ce masa "na gane ka, an riga an rubuta ka", sannan ka koma ga ayarka. In minti ashirin ya wuce barci bai zo ba, bar gadon, karanta Zabura 131 ko 27 da ƙaramin haske har ido ya yi nauyi. Ignatiyus na Loyola, wani malamin addinin Kirista ɗan Sifaniya wanda ya rasu a 1556, ya bar ƙa'idodi biyu da suka dace da kai. Kada ka yanke sabuwar shawara ko ka sauya tsohuwa a lokacin ƙunci. Kuma kada ka riƙe abin a ɓoye, domin ya ce maƙiyin rai kamar mayaudari yake, ba abin da yake so kamar a rufa masa asiri. Faɗa wa uwargida, ko wani dattijo mai hankali a ikkilisiya.

Kuskuren da muka fi gani shi ne mai da ayar laya, a riƙa maimaita ta da sauri da ƙarfi don a kori abin, in bai tafi ba a ce ba ta yi aiki ba. Afisawa 3:16 tana roƙo ne a ƙarfafa mutum na ciki ta wurin Ruhu, wato ƙarfin ba shi ake ƙerawa ba, karɓarsa ake yi. A Ziklag, sa'ad da aka ƙone garin aka kwashe iyalai, mutanen Dawuda suna maganar jifansa, 1 Sama'ila 30:6 ta ce ya ƙarfafa kansa cikin Ubangiji Allahnsa, alhali ya riga ya yi kuka har ƙarfinsa ya ƙare. Ma'aunin ci gabanka shi ne yawan lokacin da kake ɗauka kafin ka dawo hayyacinka. In dā awa biyu ne yanzu rabin awa, ka yi nisa, ko da gaban bai daina faɗuwa ba.

Abu ɗaya kuma da ba za mu sassauta ba: je a duba ka. Ƙarancin jini, matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, da wasu cututtukan zuciya duk suna kawo faɗuwar gaba. In akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, kada ka jira gari ya waye.

Tambaya: Shekaru ina jin daɗin addu'a, yanzu kusan wata shida ba na jin komai, kamar ina magana da bango. Tsorona shi ne Allah ya yashe ni. Ko na yi wani zunubi ne?

Amsa: Mama, fara da bincike na gaskiya amma gajere. In akwai laifi sananne, ki tuba ki gyara. In kin duba ba ki ga komai ba, daina tonon, domin tono marar iyaka waswasi yake haifarwa.

Yahaya na Gicciye, mai zuhudu ɗan Sifaniya da ya rayu daga 1542 zuwa 1591, wanda ya yi kusan wata tara a tsare a wani ƙuntataccen ɗaki a Toledo, ya kira irin wannan hali dare mai duhu, ya kuma ba da alamu uku na gane shi. Mutum ba ya samun daɗi a abubuwan Allah, amma ba ya samu a abubuwan duniya ma. Yana ta tunanin Allah cikin damuwa, yana ganin kamar ya ja da baya. Kuma ya kasa yin bimbini da tunani da siffantawa irin na dā. Ta biyun ita ce mabuɗi, kuma wasiƙarki cike take da ita, gama wanda ya yi sanyi da gaske ba ya kwana da damuwar ko an yashe shi. Ya kwatanta abin da yaye: uwa ta sauke yaro daga hannu don ya koyi tafiya. Giregori, bishop na Nissa, tun a ƙarni na 4, ya lura cewa Musa ya fara ganin Allah cikin hasken kurmi mai cin wuta, daga baya cikin girgije, a ƙarshe cikin duhu. A wurinsa duhun matsowa ne.

Kada ki ƙara tsawon addu'a don ki matso daɗin da ƙarfi, kada kuma ki rage. Riƙe lokacin da kika saba, rage yawan magana, zauna da kalma ɗaya ko ma shiru. Zabura 88 ta ƙare da duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, kuma an bar ta cikin Littafi don irin waɗannan kwanaki. A Getsamani, Markus 14:33 ta ce Yesu ya razana ƙwarai, ya damu, ya yi roƙo iri ɗaya har sau uku, ba a ɗauke ƙoƙon ba, amma Luka ya ce mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi.

Sai dai shi Yahaya na Gicciye ya yi gargaɗi kada a rikita wannan dare da ciwon baƙin ciki. Bambancin a aikace yake: mai dare na ruhu yakan ci gaba da cin abinci, da aiki, da kula da mutane. In barci ya lalace, abinci ya fita ranki, ba ki iya ayyukan da kika saba, kuma hakan ya wuce mako biyu, ki ga likita. In tunanin kashe kanki ya zo miki ko sau ɗaya, ki faɗa wa wani na kusa a ranar, ku tafi asibiti tare.